Yarinyar da ba ta magana, wa zai saurare ta?

Ƴan uwa ɗalibai, a manyan biranen Hausa irin su Kano tun da daɗewa naƙasassu suna da shugabanninsu: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Bebaye. Su ke sasanta rigimar mutanensu. Amma sarauta ce ta manya. A ƙauyukanmu na Adar, irin Garhanga ta gundumar Keita, yarinya kurma da wani ya tare a hanyar rijiya, gun wa za ta kai kuka?

Doka ta zo daga baya, sannu sannu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990. A 1993 aka fitar da dokar kare naƙasassu, a 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙinsu, sai wata sabuwar doka a 2019. Kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 30 ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 13 fyaɗe.

To, mi ya rage? Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna haɗarin lalata da yara naƙasassu ya kusan ninka na sauran yara sau 3. Mai mugun nufi ya san wadda ba za ta iya tona shi ba.

Ni da nike karatun ilimin harsuna, nan nike ganin matsalar. Shari'a da baki ake yin ta. Alhali kurame suna da harshensu, maganar hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi littafi a kai a 2000 bayan bincikenta a Kano. Sai dai jandarma da alƙali da malamin asibiti, nawa ne suka iya shi? Ga kuma bakinmu: mukan ce yarinya "ta lalace", kamar ita ta yi laifin, mai laifin kuwa ya ɓace daga jimlar.

Idan mun koma gida hutu, mu koyi alamun da yaran nan suke yi da iyayensu mata. Mu koya musu alamar "a'a" da sunayen sassan jiki. In yarinya ta nuna wani abu, a kai ta likita, a kai ƙara, kada a rufe da sunan kunya.