Tururuwa Mai Noma da Maganin Gonarta

A shekarar 1874 wani Baturen Ingila, Thomas Belt, wanda aikin haƙar zinariya ya kai shi Nikaragua, ya wallafa littafi inda ya ce tururuwar da ke yankan ganye a dazuzzukan can ba cin ganyen take yi ba. Taki take yi da shi, ta noma wata irin funfuna cikin raminta, ita ce abincinta. Wani Bajamushe, Alfred Möller, ya tabbatar da haka a Burazil a 1893.

To, amma gonar tana da abokiyar gaba, wata muguwar funfuna mai suna Escovopsis, wadda kan cinye ta ƙurmus. An daɗe ana ganin wani farin gari a jikin tururuwar, masana suna zaton kaki ne kawai. Sai a 1999 Cameron Currie, ɗan Kanada mai bincike a Panama, ya nuna ashe bakteriya ce, ita ke hana muguwar yaɗuwa. Danginta ne suka ba duniya streptomycin, maganin tarin fuka, a 1943.

A 2009 aka tace wani sinadari, dentigerumycin, daga bakteriyar wata 'yar'uwar wannan tururuwa. A ɗakin gwaji ya hana funfunar Candida, mai addabar mutane, girma.