Teburin hash: daga takardar Luhn zuwa cikin PostgreSQL

A watan Janairun 1953, Hans Peter Luhn, injiniya Bajamushe da ya fara neman abinci a masana'antar saƙa kafin ya koma kamfanin IBM a Amurka, ya rubuta wa abokan aikinsa takardar cikin gida kan yadda kwamfuta za ta zaƙulo bayani ɗaya cikin dubbai ba tare da ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A ɗauki mabuɗin bayanin, suna ne ko lambar waya, a niƙa shi da wani ɗan lissafi har ya ba da lamba. Wannan lambar ita ce gurbin ajiya, can kuma za a nufa kai tsaye ranar nema. In mabuɗai biyu suka faɗa gurbi guda, wato suka yi karo, sai a sarƙafa na biyun a jikin na farko. Teburin hash ke nan.

A 1954 wasu ma'aikatan IBM ɗin, ciki har da Gene Amdahl da Elaine McGraw, suka bi wata hanya: in an tarar da gurbi a cike, a matsa na gaba, har a samu wanda babu kowa. Har gobe a kan waɗannan hanyoyi biyu ake tafiya.

Masu gina manhajar rumbun bayanai ne suka ɗanɗana kuɗarsu da dabarar, domin bayanai ba sa daina ƙaruwa. In tebur ya cika, abin da aka saba shi ne a gina wani ninki biyu, a sake lissafa gurbin kowane mabuɗi, a kwashe komai a kai can. A faifan wancan zamani wannan ƙaura kan tsayar da aiki cik. Witold Litwin ya kawo mafita a 1980: a riƙa tsaga gurbi ɗaya tak a kowane lokaci, bi da bi, tebur ya girma sannu a hankali. A 1988 Per-Åke Larson ya nuna yadda za a yi hakan a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma a watan Yulin shekarar wani mai rubuta manhaja a Ostareliya ya zuba shi cikin yaren C.

Wannan rubutun ne ya faɗa hannun ƙungiyar da ke gina manhajar rumbun bayanai ta Postgres a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A Fabrairun 1990 Margo Seltzer, wadda daga baya ta shahara da Berkeley DB, ta gyara shi yadda zai riƙe tebura da yawa. Fayil ɗin, dynahash.c, yana nan cikin PostgreSQL, magajin Postgres, da tarihin nan a rubuce a samansa.

Abin da ya sa ya daɗe shi ne bai damu da irin kayan da aka zuba masa ba. Yaren C ba shi da hanya mai sauƙi ta rubuta tsari ɗaya da zai karɓi kowane irin bayani, saboda haka mai son tebur sai ya faɗa wa hash_create, mai ƙirƙirar tebur a fayil ɗin, girman mabuɗinsa da girman abin ajiyarsa, ya miƙa masa lissafin niƙa da na gwada mabuɗai. Shi ke nan. Da wannan fayil ɗaya PostgreSQL ke gano ko wani shafi mai kilobait 8 yana ƙwaƙwalwa ko sai an je faifai, da shi kuma yake sanin wa ke riƙe da wane makulli. Yana da wata falala da 'yan koyo ba su cika lura da ita ba: abin da aka ajiye ba ya taɓa gusawa daga inda yake, ko tebur ya girma, don haka wanda ya riƙe adireshinsa hankalinsa kwance.

Sai dai rigar kanti ba ta zama a jiki kamar ɗinkin tela. Kowane nema sai an kira lissafin niƙa ta bayan gida, sannan a bi sarƙa daga wannan lungun ƙwaƙwalwa zuwa wancan. A 1990 babu mai ƙorafi. Amma injin kwamfuta ya ci gaba da yin sauri, ƙwaƙwalwa ta kasa kamo shi, har kowane tsalle kan sarƙa ya zama zaman jira. Tambayar da ke tattara layuka miliyoyi gida-gida, irin ta GROUP BY, ita ta fi jin jiki.

A 2016 Andres Freund ya rubuta simplehash.h, wanda ya fito cikin PostgreSQL 10 a 2017. Maimakon tebur ɗaya na kowa da kowa, ya yi ƙirar da ake cikewa: mai amfani ya bayyana SH_KEY_TYPE da SH_HASH_KEY da SH_EQUAL, sai a haifar masa da tebur na musamman tun lokacin harhaɗa manhajar. Babu sarƙa, bayanai na jere kusa da juna, kuma wanda ya yi nisa da gurbinsa na asali yana iya ƙwace wurin wanda ke kusa da nasa, dabarar da Pedro Celis ya yi nazari a kai a Jami'ar Waterloo ta Kanada a tsakiyar shekarun 1980, aka laƙaba mata sunan Robin Hood. Abin dariyar shi ne sabon teburin ya koma wa matsawa gurbi na gaba irin na 1954, kuma in ya kusa cika ninkawa yake yi ya kwashe komai lokaci guda, abin da Litwin ya yi ta gudu.

Ba kowa ya yarda da kwasar lokaci guda ba. Redis, wani rumbun bayanan da Salvatore Sanfilippo ya fara a 2009, yakan riƙe tsohon tebur da sabo tare, yana kwashe kaɗan-kaɗan a duk lokacin da aka taɓa shi, don kada mai jiran amsa ya ji an yi dif.

Shi kuwa PostgreSQL bai yar da dynahash ba. Simplehash yana motsa bayanai yadda ya ga dama, kuma ba a yi shi don ƙwaƙwalwar da matakai da yawa ke rabawa a lokaci guda ba. Saboda haka lissafin tambaya ɗaya ya koma hannunsa, makullai da taswirar shafuka kuwa suna hannun dynahash har yanzu.