Ƙarfe a Ciki, Katako a Waje: Tarihin Wata Sana'a a Sabha

Duk kafintan da ya yi aiki a Sabha ya san cewa katako baƙo ne a ƙasar Fazzan, kudancin Libiya. Itacen da ƙasar ta mallaka shi ne dabino, kuma da gungumensa mutanen da suke rufin ɗaki da ƙyauren ƙofa, kamar yadda ake gani a tsofaffin gidajen Murzuk da Gat. Mu ma a ƙasar Hausa, turmi da akushi da allo masassaƙanmu suka gada. Tebur da kabad ofis ne ya kawo su, kuma a ofis aikin da nake son ba da tarihinsa ya samo asali: lulluɓe kabad ɗin ƙarfe na ajiye fayil da katako, don ya dace da zaman gida.

Shi kansa kabad ɗin fayil da katako ya fara. A Amurka aka ƙirƙiro dabarar jera takardu a tsaye cikin durowa, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Tsoron gobara ne ya sa aka koma ƙarfe. Kamfanin da ake kira Steelcase a yau an kafa shi a garin Grand Rapids a 1912, kuma daga irin waɗannan masana'antu kabad mai ruwan toka ya bazu ofisoshin duniya.

Mai ne ya cika Sabha da shi. An haƙo man Zaltan a 1959, aka fara fitar da shi a 1961, gwamnati ta yi kuɗi, ma'aikatu da makarantu da asibitoci suka yawaita, kowanne da jerin kabad ɗinsa daga Turai. Farkon shekarun 1980 gwamnatin Gaddafi ta hana kasuwancin ɗaiɗaikun mutane, sai wajen 1988 aka sassauta, ƙananan shagunan sana'a suka farfaɗo. Da takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya zo a 1992, sabon kaya ya yi tsada, Libiya kuma ta buɗe ƙofa ga ma'aikata daga kudu. Kafintoci da masu walda na Damagaram da Maraɗi da Kano suka biyo hanyar Agadas, Dirku, Madama da Gatrun har Sabha. Magabatana a sana'ar, waɗanda na koya a hannunsu a unguwar Sukra, 'yan wannan zango ne.

Sun iske abu biyu. Tsofaffin kabad sun yi yawa, fenti ya kaɗe, gefe ya lotsa, amma ƙarfen lafiya lau, domin inda ruwan sama bai cika sauka ba tsatsa ba ta da ƙarfi. Katako kuwa sai ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Tarabulus ko Misrata, sannan mota ta ɗauko shi ɗaruruwan kilomita cikin hamada. Katakon zan da na suwedi, kamar yadda ake kiran su a kasuwa, ba na kowa ba ne. Yaron da ya taso yana zaɓen madaci a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano dole ya koyi tattalin kowane yanki. Daga nan dabarar ta fito: a bar wa ƙarfe ɗaukar nauyi, katako ya zama riga.

Ba a iya aikin rana ɗaya ba. Da farko gam ake shafawa, a manna fomeka ko falle na filawud kai tsaye a jikin ƙarfe. Zafin bazarar Sabha, wanda ke wuce digiri 40, shi ya koya wa mutane darasi: ƙarfe ya buɗe da zafi, katako ya tsuke da bushewa, gam ya saki, fallen ya kumbura. Sai aka koma ƙusa mai murɗi. A zare durowoyi, a goge ƙarfen, a daidaita inda ya lotsa, a huda shi, a ɗaure katakon daga ciki. Hujin kan ɗan fi ƙusar faɗi don kowane ya samu wurin motsi, ƙusar kuma gajera, kada kanta ya tare layin da durowa ke gudu a kai. Fuskar kowace durowa ita kaɗai ake yankawa, a bar tazarar milimita 2 ko 3 a tsakani, a fitar da gurbin makulli daidai. Maigidana yakan ce mini: "Yaro, ja durowar da ɗan yatsa ɗaya. In ta ƙi, ba ka gama ba." Kabad biyu masu durowa bibbiyu, a shimfiɗa musu katako mai kaurin milimita 18, sun zama teburin rubutu. Dogo mai durowa huɗu kuwa ana ɗaure shi da bango, don in an ja ta sama cike da takardu yana iya rinjaya ya faɗo wa yaro.

Bayan 2011 buƙatar ta ƙaru. A shekarun da rikici ya sha rufe ofisoshi a Sabha, magidanta suka gane cewa littafin iyali da takardar gida da shaidar makaranta a hannun mai su suka fi aminci. Malami da lauya da ɗan kasuwa duk suna son ajiya mai makulli wadda ba za ta ɓata kyan ɗakin baƙi ba.

Abin da ke damuna yau shi ne kayan garin katako da ake shigowa da su a kwali daga Turkiyya da Sin. Suna da sheƙi da araha, amma ba sa jure nauyin fayil, kuma in ƙusa ta zame ba ta sake kamawa. Samari sun koma masu harhaɗa su kawai, tsofaffin kabad kuma ana sayar da su a kilo ga masu narka ƙarfe. Ina roƙon duk maigidan da ke da shago, a Sabha ko a Kano ko a Maraɗi, ya sa almajirinsa ya lulluɓe kabad ko da ɗaya ne kafin ya yaye shi. A wannan aiki guda zai koyi awo, ya san halin ƙarfe da na katako, ya kuma iya gyara abin da wani zai jefar.