Babi a kan Kufan Surame da Sifawa, da Abin da Wani Falke Ya Gano a Birnin Rum



Ka sani ya kai ɗan'uwa mai karatu, almajiri kake ko falke, dalilin rubuta wanga babi wata tambaya ce da wani mai fataucin fata ya yi mini a Shagari. Shina cikin masu zama karatun Risala a zaurena bayan asuba. Sana'arsa ta kai shi ƙasar Italiya, inda ake sayen fatar jar akuyar Sakkwato, abokan cinikinsa kuwa sunka zagaya da shi kangayen birnin Rum. Da ya komo ya nuna mini hotuna cikin wayarsa, ya ce, "Allah shi gafarta malam, tambaya biyu gare ni. Shin na yi laifi da na shiga gidajen mutanen da sunka shuɗe ina kallo? Kuma don mi mu ba mu da irin wannan, ko kakanninmu ba su gina kome ba ne?" Ta farko mai sauƙi ce. Ta biyu ita ta tsaya mini a rai, domin mutumin nan ya bi ta Bodinga ya fi a ƙirga bisa hanyarsa ta zuwa Sakkwato, bai taɓa tsayawa Sifawa ba, sunan Surame kuwa a bakina ya fara jinsa.

Mu fara da abin da ya gani. Babban ginin nan mai zagaye da ake kira Kolosiyam, sarkin Rum Fasfasiyan ya aza shi, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 ta Miladiyya, da dukiyar da sunka kwaso sa'ad da sunka rushe Baitul Maƙdisi a shekara ta 70. Shina ɗaukar mutum wajen 50,000. Ba masallaci ba ne, ba kasuwa ba ce. Dandali ne inda ake sa bayi da fursunonin yaƙi su kashe juna, ko a sakar musu namun daji, jama'a na sowa. Mulkin Rum ta yamma ya faɗi a 476. Almajiri ya kiyaye a nan, Rumawan da anka sa wa sura sunansu cikin Alƙur'ani su ne na gabas, mutanen Hiraƙla, masu sarauta a Kustantiniya, wadda ba ta faɗi ba sai 1453 a hannun Sarkin Musulmi Muhammadu Alfatihi. Shi kuwa Kolosiyam, girgizar ƙasa ta 1349 ta kayar da sashensa, mutanen gari sunka mai da shi wurin ɗibar dutse, suna gina gidaje da majami'u da shi shekaru ɗaruruwa. Abin da falken nan ya ɗauko hotonsa saura ne.

Kada ka ce Rumawa sun yi nisa da kai. Mai Risalar da kake biyawa, Ibnu Abi Zaidin, mutumin Ƙairawan ne, garin da Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa a 670, ginshiƙan babban masallacin garin kuwa da yawansu daga kangayen Rumawa anka ɗauko su.

Game da hukunci, abin da ya inganta shi ne Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya bi ta Hijru, mazaunin Samudawa, bisa hanyar Tabuka a shekara ta 9 ta Hijira, ya hana sahabbai shiga wurin da wasa da annashuwa, ya kuma gaggauta wucewa. Malamai sun ɗauki wannan a kan wuraren da azaba ta sauka. Sauran kufaifai kuwa, Alƙur'ani ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya cikin ƙasa a duba ƙarshen mutanen farko. Saboda haka na ce da falken bai yi laifi ba, in dai da hankalinsa ya shiga.

Yanzu ga amsar ta biyu. Yamma maso arewa da Sakkwato, tsakanin ƙasar Binji da ta Silame, akwai kufan Surame, birnin Muhammadu Kanta Sarkin Kabi. Kanta ya yi yaƙi tare da Askiya Muhammadu Sarkin Songai a kan Agadas, sunka saɓa bisa rabon ganima, ya balle wajen 1516, rundunar Songai ta zo ta kasa shi. Assa'adi ya kawo labarin cikin Tarihus Sudan. Sarkin Barno ma ya kewaye Surame bai ci ta ba. Kanta ya bi rundunar Barno har Nguru ya karya ta, bisa hanyar komowa anka harbe shi da kibiya cikin ƙasar Katsina, ajalinsa ya sauka, anka ɗauko gawarsa zuwa Surame.

Na je wurin sau ɗaya ina saurayi, tare da malamina, Allah shi jiƙansa, bayan an gama girbi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ganuwar. Mu mun saba da ganuwar ƙasa, wadda in an bar yaɓe ta damina kaɗan sai ta zama tudu. Ta Surame da dutse da marmara anka yi ta, an jera su bisa juna, ganuwa bayan ganuwa, ga gurabun ƙofofi ana gane su. Faɗin wurin ya kai murabba'in kilomita 9. Cikin birnin babu kowa sai kukoki da ƙaya da tsingaro, ko'ina ka sa ƙafa ka taka fasasshen tukunyar wata mata da ba wanda ya san sunanta. Wani tsoho da ya yi mana jagora ya ba mu labarin da ake bayarwa a baka, cewa Kanta ya raba aikin ganuwa ga ƙasashen da ke ƙarƙashinsa, Nufawa sunka makara, sai ya ce su kwaɓa ƙasar rabonsu da man kaɗe a madadin ruwa. Ban ɗauke shi riwaya mai isnadi ba. Amma mutane ba su kan ƙaga wa sarki mai sauƙin hali irin wanga labari ba, kuma duk wanda ya ɗaga dutse ɗaya daga cikin waɗanga duwatsu zai san ba da son rai anka ɗauko dubbansu ba. A nan Surame da Kolosiyam sun yi tarayya.

Duk da haka ba na yarda almajiri ya raina Kanta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yaƙi Kabawa da kansa, ya ambaci mulkin Kabi cikin Infaƙul Maisuri da ya gama a 1227, wato 1812, ya shaida ƙarfinsa ya wuce na sauran sarautun ƙasashen nan, ya kuma ce kangayensu sun fi duk waɗanda ya taɓa gani, alhali an yi kamar shekara ɗari da fashewar biranen. Lissafinsa ya yi daidai, domin a farkon ƙarni na 18 Gobirawa da Zamfarawa da Azbinawa sunka matsa wa Kabi, Surame ta watse, Sarkin Kabi Tomo ya koma Birnin Kabi wajen 1715. Ka ga Bello ya kalli kango da idon mai tarihi, ya rubuta abin da ya gani da adalci ko da na abokin gaba ne. Birnin Kabin nan kuma shi ne wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci a 1805. Zuriyar Kanta na Argungu har yau, akwai kuma gidan tarihi mai sunansa a can.

To, mu komo gida. Bayan hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1218, wato 1804, da faɗuwar Alƙalawa da mutuwar Yunfa a 1223, wato 1808, Shehu Usmanu, Allah shi yarda da shi, ya bar Gwandu ya sauka Sifawa wajen 1810. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Bodinga dab da shi, ɗansa Bello kuwa shina gina Sakkwato tun 1809. Shehu ya yi kamar shekara biyar a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815. A cikin waɗanga shekaru ne, a 1812, ya raba al'amarin ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, shi kuwa ya koma ga karantarwa da wallafa. Sirajul Ihwani da Najmul Ihwani na zamanin nan ne. A cikinsu kuma Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu, ya kuma tattara Tazyinul Waraƙati a 1228, wato 1813. Tafsirinsa Liya'ut Ta'awili ya kammala jim kaɗan bayan haka. Ƙasar da ta kama daga Adamawa har hayin Kwara, daga waɗanga ƙananan garuruwa biyu ake aika mata da hukunci da fatawa.

In ka sauka Sifawa yau, dattawan gari za su nuna maka inda Shehu ya zauna da inda ya yi salla. Kada ka sa ran ginshiƙin dutse. Da ƙasa da itace da kara sunka yi gini, abin da ruwa bai cinye ba an sake shi, sau da yawa da siminti da kwano. Falken da na ambata, da na kai shi, ya tsaya shina waige-waige, ya ce, "Shi ke nan, malam?" Na ce shi ke nan. Na ga abin bai cika masa ido ba, ban kuwa zarge shi ba, domin wanda ya fito Rum idonsa ya saba da tsawo.

Sai dai rashin ginin nan ba duka rashin iyawa ba ne. Mutanen da sunka zauna nan sun san Surame, sun ga Alƙalawa da ganuwarta. Malam Abdullahi musamman ya kasance mai tsoron abin da mulki ke yi wa zuciya. Tun yaƙi bai ƙare ba ya ga waɗansu daga cikin jama'a sun juya ga neman sarauta da tara dukiya da dawaki da tufafi, ransa ya ɓaci, ya bar runduna da niyyar tafiya Makka, har ya kai Kano. Mutanen Kano sunka riƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsiri, sa'an nan ya komo. Mutum mai irin wanga hali ba za ya tara talakawa su ɗauko masa dutse don a tuna da shi ba.

Akwai kuma wani abu da ya faru bisa hanyar nan da kake bi da buhunan albasa da gero, wanda ya kamata ka sani ko da ba shi da daɗin ji. Sa'ad da Shehu ya rasu a Sakkwato a 1232, wato 1817, Malam Abdullahi ya taso daga Bodinga da mutanensa, ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Ya juya, daga baya ya koma Gwandu. Tsakanin baffa da ɗa ya yi sanyi shekaru kaɗan, har ranar Kalambaina, da Bello ya kawo masa gudummawa a kan masu tawaye. Bayan nasara sunka haɗu bisa dawaki, Bello ya yi nufin sauka don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Waɗansu malamai ba su son a faɗi labarin rufe ƙofa gaban yara. Ni ina faɗinsa, domin in an ɓoye rufe ƙofar, ba mai gane nauyin gaisuwar Kalambaina. Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1245, wato 1829.

Abu biyu nake roƙon mai zuwa waɗanga wurare. Na ɗaya, kada ya ɗebo ƙasa ko ya shafi dutse don neman tubarraki, ko ya yi yanka gindin kuka. Shehu da kansa ya yi inkarin girmama itatuwa da duwatsu cikin Nurul Albabi, abin kunya ne a aikata haka a inda ya zauna. Na biyu, kada ya ɗauki kome. Gwamnati ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, an kuma shigar da sunanta cikin jerin jiran hukumar UNESCO a 2007, amma takarda ba ta tsare ganuwa. Mai neman dutsen harsashen gida ya ɗauki ɗaya, mai faɗaɗa gona ya ture biyu, mai mafarkin tukunyar zinariya ya haƙa rami. Haka anka ci rabin Kolosiyam, ba da runduna ba.

Kangon Sifawa da Bodinga da na fi jin tsoron ɓatansa kuwa cikin gafaka da adaka yake. Na sha ganin magada sun raba littafi guda kashi uku kamar gona, na kuma ga takardun da gara ta mai da su gari cikin ɗakin da ke yoyo, mai ɗakin kuwa ya ƙi bari a kwafa wai kada albarka ta fita gidan. Wanda ke da irin waɗanga takardu ya kai su a ɗauki hotonsu a gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko ya ba almajiri mai kyawun hannu ya kwafe, asalin ya zauna wurinsa.

Falken ya nemi in kai shi Surame. Na ce masa sai mun tambayi mutanen Silame halin hanya tukuna, domin 'yan bindiga sun addabi dazuzzukan arewacin jihar nan, kuma a 2024 hukuma ta bayyana ɓullar Lakurawa a sassan Tangaza da Gudu. In an ce da lafiya, za mu tafi bayan girbi, sa'ad da ciyawa ta bushe ake ganin gindin ganuwa. Za mu fara sauka wurin hakimi mu yi gaisuwa ya ba mu ɗan jagora, mu riƙe ruwan sha da takalma masu kauri saboda ƙaya, mu fito kafin la'asar.