Amsar Tambaya: Tarihin Takalmi da Camfe-camfensa

Wani manomi daga Gwaram ya aiko yana tambaya: me ya sa tsofaffi ba sa barin takalmi a kife, kuma me ya sa ake tuɓe shi a gaban manya?

To malam, a zamanin da takalmi dukiya ne. Majema su jeme fata da bagaruwa, dukawa su ɗinka fade da sambatsai, mahaya su sa kurufai, da damina kuma a taka dangarafai na itace saboda taɓo. Har ila yau takalmi alamar matsayi ne. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya fara sa takalmin gashin jimina. Kada a manta, Birnin Kudu da Gwaram cikin Jihar Kano suke kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai takalmanta har Arewacin Afirka.

Talaka kuwa sau da yawa ƙafarsa ce takalminsa. Mai fade ɗaya, in za shi kasuwa, sai ya rataya shi a sanda, sai ya kusa gari ya sa. Ba mu kaɗai ba ne, haka matan ƙauyen ƙasar Ayilan, can Turai, suke yi in za su coci ko kasuwa. Tun da abin ado ne da alfarma, tuɓe shi a gaban hakimi ko suruki ƙanƙan da kai ne.

Batun camfi kuwa, an ce takalmi a kife yana jawo tsiya, in kuma ɗaya ya hau ɗan'uwansa, mai shi zai yi tafiya. A ganina dabara ce ta koya wa yara kula da abin da aka sha wuya aka samu. Amma tafiya da takalmi ƙafa ɗaya, wannan hani ne da ya zo a hadisi, ba camfi ba.

Saboda haka a riƙe ladabi, amma kada a shiga gona ƙafa tsirara. Ƙaya da kububuwa ba ruwansu da al'ada. Ko na taya ne, a sa.

Mu kwana nan.