Daga Ƙunshin Dillaliya Zuwa Hoton Waya

 

Kwanakin baya na kai wa wata ƙawata ziyara, na tarar da ita zaune kan tabarma, ta baza duwatsu a faranti tana shirya abin wuya. Da ta gama sai ta shimfiɗa shi kan farin ƙyalle, ta ɗauke shi hoto da waya, ta sa a shagonta na intanet. Kafin in yi mata sallama, wata mata daga Kaduna ta ce a ajiye mata. Ƙawar nan tawa ko zaure ba ta leƙa ba. Shi ya sa na ce yau bari mu waiwaya, mu ga yadda kayan ado ke shiga gidajenmu da yadda suke fita, tun zamanin kakanni har zuwa yau.

Da farko dai, 'yar'uwa, ki sani ado ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Durɓi ta Kusheyi, can wajen Mani a ƙasar Katsina, masana sun tona wasu tsofaffin kaburbura a shekarar 1992. Sun samu 'yan kunne na zinariya, da mundaye, da duwatsun wuya, da wuri, waɗansunsu sun haura shekara 600 a binne. Shi kuwa wuri daga teku ake samo shi, kin ga ke nan tun wancan lokaci fatake ke kawo kaya daga nesa.

A Kano kuma, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Abin sha'awa, tarihin sarakunan Kano ya nuna shi ne kuma sarkin da ya fara kulle a gidan sarauta. Wato kasuwa da kulle tare suka taso. Kullen ya daɗe a gidajen sarakuna da malamai da attajirai kafin ya yaɗu zuwa sauran gidaje, amma tambayar da ya zo da ita ɗaya ce har yau: macen da ba ta fita, ta yaya za ta saya, ta yaya za ta sayar?

Kaya kam akwai su a kasuwa. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da suna Abdulkarimu, ya sauka Kano a 1851. Cikin kayan da ya lissafa ana kawowa ta Sahara har da duwatsun ado daga birnin Benis na ƙasar Italiya, da madubai da allurai daga Jamus. Murjani daga Bahar Rum yake zuwa. A Bida, mutanen unguwar Masaga sun shahara da narka gilashi su yi duwatsu da awarwaro. A Agadas akwai maƙeran Buzaye gwanayen azurfa, a garuruwanmu kuma ga maƙeran fari masu zobba da 'yan kunne da mundaye. Sai dai ƙira aikin maza ne. Abin da ke hannun mata shi ne shiri: a zaɓi tsakiya da murjani, a jera su a zare, a haɗa jigida, a san launin da ya dace da wani. Kuma a hannun mace kayan ke zama dukiya, don abin wuyanta da zobenta su ne asusunta ranar da ta shiga matsi.

To wa ke haɗa ta da kasuwa? Dillaliya. Galibi dattijuwa ce, ga ƙunshinta a ka, tana shiga gida gida da sallama. Ni na taras da irinsu a gidan kakata. In ta zo sai a shimfiɗa mata tabarma, ta kwance ƙunshi, kowa ta matso. A ɗauki abin wuya a ɗaga shi wajen haske, a jinjina nauyinsa a tafin hannu, a gwada a wuya, a duba madubi. In an daidaita ta karɓi la'adarta. Wadda kuma ke son sayar da nata don wata buƙata, sai ta ja dillaliya ƙuryar ɗaki, ba mai ji ba mai gani. Jarin dillaliya ba kuɗi ba ne, amana ce da riƙon asiri. Ranar da aka kama ta ta kawo ruwan azurfa ta ce azurfa ce, ta rufe wa kanta ƙofofin unguwa ke nan.

Ɗan aike na biyu shi ne yaro, musamman 'yar talla. Wata Baturiya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta ga irin cinikin da mata ke yi a cikin gidaje, har a 1969 ta yi rubutu a kai, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Wata kuma Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya a kan yara, da yadda ribar talla ke tafiya wajen tara kayan ɗaki. Da gwamnati ta kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, iyaye mata da yawa sun shiga tsaka mai wuya. A tura yarinya makaranta, sana'a ta tsaya. A ɗora mata faranti, karatu ya wuce ta. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'ya'ya mata da yawa a nan suka rasa karatu, ban da haɗarin da ke cikin yawon talla, wanda kowaccenmu ta sani.

Shi kuwa hoto, tun 1839 aka bayyana fasaharsa a Faransa, amma da ya iso mana sai ya zama abin biki da Sallah. A kira mai hoto, a yi kwalliya, ya ɗauka, a jira kwanaki kafin ya wanko. Ba wadda za ta ɓata fim a kan ɗan kunne. Abin ya canza ne bayan wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, daga baya wayoyi masu kyamara suka wadata. Aka buɗe Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010. Yau hoton da kika ɗauka a tsakar gidanki shi ke shiga gida gida a madadin dillaliya, yana zuwa inda ƙafar 'yar talla ba za ta taɓa kai wa ba, 'yarki kuwa tana aji.

Amma fa ki lura da abu guda. Mai saye ta waya ba za ta taɓa kayan ba, ba za ta jinjina ba, ba za ta gwada ba. Hausawa kuwa ba sa son cinikin biri a sama. Don haka duk abin da dillaliya ke yi da hannu, sai hotonki ya yi shi. Ita tana ɗaga kaya wajen haske, ke ma ki fito da naki bakin ƙofar ɗaki ko inuwar tsakar gida, da hantsi ko bayan la'asar. Rana tsaka tana sa ƙarfe ƙyalli har ya ɓace, fitilar waya kuma tana canza launi. Ki goge idon kyamara da gefen zani mai laushi. Ki shimfiɗa ƙyalle marar zane, don atamfa mai fure tana shanye adon. Ki ajiye tef ɗin awon tela a gefe, a ga tsawo. Ki ɗauki gaba, ki ɗauki baya, ki matso ki nuna maɗauri. Kada ki ƙara wa hoto launin da kayan ba su da shi, kuma ki rubuta gaskiya: dutse ne ko roba, azurfa ce ko ruwanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wadda ta buɗe saƙo ta ga saɓanin abin da ta gani a waya ba za ta dawo ba, kuma sai ta gaya wa goma.

Riƙon asiri ma yanzu ya dawo wuyanki. Ba dole sai fuskarki ko wuyanki sun fito ba, kaya ake saye. Kafin ki tura, ki duba hoton da kyau, kada madubi ko faranti mai sheƙi ya nuno ki, kada gadonki ko yaranki su fito a baya. Ki yi shawara da maigida kan yadda za a riƙa kai saƙo tasha, kuma kada kaya su bar gida sai kin tabbatar kuɗi sun shiga asusunki, ba saƙon shigar kuɗi kawai kika gani ba.

'Yar'uwa, kakanninmu sun yi arziki daga cikin ɗaki da taimakon dillaliya mai amana. Ke taki dillaliyar tana cikin tafin hannunki, kuma halin da kika koya mata shi za ta fita da shi. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya raya mana zuriya. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.