Zhun (gida na uku a littafin I Ching)

Zhun, wanda ake furtawa kusan "jun", shi ne gida na uku cikin gidaje 64 na I Ching, tsohon littafin duba na ƙasar Sin. Asalin littafin yana komawa zamanin daular Zhou ta Yamma, tsakanin shekarar 1046 da 771 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S). Gidan yana magana ne a kan wahalar da ke tattare da farkon lamari.

Asalin kalmar

Ana rubuta sunan da harafin 屯. Ƙamus ɗin Shuowen Jiezi na malami Xu Shen ya bayyana harafin a matsayin hoton tsiro da ke fasa ƙasa da ƙyar. Harafin yana da furuci na biyu, "tun", mai nufin tara kaya ko girke sojoji.

Siffa

Kowane gida layuka shida ne, ana karanta su daga ƙasa zuwa sama. Miƙaƙƙen layi shi ake kira yang, mai tsinkewa a tsakiya kuma yin. A Zhun, layi na ɗaya da na biyar ne kaɗai miƙaƙƙu. Ukun ƙasa suna wakiltar tsawa, ukun sama kuma ruwa, wanda ke nufin haɗari. Ana fitar da layukan da karan tsiro 50, ko da jefa kwabbai uku sau shida.

Fassara

Masu sharhi suna cewa tsawa motsi ce, amma haɗari na gabanta. Don haka gidan bai hana fara aiki ba, gaggawa ya hana: mutum ya daure, ya nemi mataimaka. Layi na uku ya kawo misalin maharbin da ya bi barewa cikin daji ba ɗan jagora, aka ce gara ya haƙura. Da wannan ma'ana Richard Wilhelm ya fassara sunan zuwa Jamusanci a 1924.

Kamanci da bugun ƙasa

Bugun ƙasa da aka sani a ƙasar Hausa, wanda ya samo asali daga ilimin ramli na Larabawa, yana da gidaje 16, kowanne da layuka huɗu na ɗigo ɗaya ko biyu. Dukansu an gina su ne a kan zaɓi tsakanin alama biyu. Malaman Musulunci sun haramta duba, bisa hujjar cewa sanin gaibu sai Allah. A jami'o'i kuwa ana nazarin I Ching a matsayin littafin falsafa da tarihi.